Shekaru ne ke cinye tsallen ɗan ƙwallon kwando, ko ƙiba?

Auta, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan gida. Maganar da na faɗa jiya bayan atisaye aka taso mani, ga ta a rubuce. Shekaru ba su kashe tsallen ɗan wasa, ƙiba ce ke kashe shi. Hujjata LeBron James. An haife shi a Disambar 1984, ya shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2003, a Fabrairun 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, wanda a lokacin ya fi kowa maki a tarihin gasar, a 2024 kuma yana da shekara 39 ya ciyo wa Amurka zinare a Paris. Ga Zion Williamson, haihuwar 2000, tsawo mita 1.98, nauyi wajen kilo 129. Kakar 2021 zuwa 2022 ko wasa ɗaya bai buga ba saboda karayar ƙashin ƙafa. To wane ne tsohon a cikinsu?

Dogo, Daura: Wa alaikumus salam. Auta, lissafin maki kake kallo, ba ƙafafun mutumin ba. Koma ka kalli wasan ƙarshe na 2016, lokacin da LeBron ya biyo Iguodala, ɗan wasan abokan karawarsu, a guje daga tsakiyar fili ya manne ƙwallon da allo. LeBron na daga baya, na ƙungiyar Lakers, yana iya irin wannan sau ɗaya a dare, bayan nan sai ka gan shi yana komawa tsaron gida da sassarfa. Makin bai faɗi ba ne don ya sake hanyar samunsa: jifa daga nesa, ture mutum da kafaɗa, raba wa abokai. A kakar 2019 zuwa 2020 shi ya fi kowa ba da ƙwallon da aka ci. Kuma rauninsa na farko da ya zaunar da shi dogon lokaci, na matsematsi, ranar Kirsimetin 2018 ya same shi, saura kwana biyar ya cika 34.

Auta, Ƙofar Ƙaura: Ai ka ba ni gaskiya ke nan, Yaya Dogo. In yana iya yi sau ɗaya, tsallen yana nan.

Koci, Ƙofar Soro: Ɗana Auta, bari in ba ka abin da jikina ya koya mani. Na shekara fiye da ashirin ina buga ƙwallon nan a kan siminti, da takalmin gwanjo wanda ƙasansa ya sule. Nauyina na yau bai fi na samartakata da komai ba, kowa ya san ni ba mai jiki ba ne. Amma ina da shekara 33 na fara lura da wani abu. In na tashi ɗauko ƙwallon da ya bugi kwando, tsallen farko lafiya lau. In ƙwallon ya kuɓuce, aka ce a sake tashi nan take, sai in ji ƙafafun sun ƙi amsawa, yaron da na fi tsawo ya ɗauke a gabana. Tsalle na biyu shi ke fara tafiya. Sai kuma washegarin wasa. Da, mu buga da yamma, da asuba in tashi garau. Daga baya sai na dafa bango kafin in isa wurin alwala. Yau in na zauna tahiya sai na miƙe ƙafar dama gefe, gwiwar ba ta lanƙwasuwa duka, kuma ina jin ƙararta kamar ana taka busasshen kara. Wace ƙibar ce ta yi mani wannan? Dira ce, ɗana, sau dubbai a kan ƙasa mai tauri. 'Yan NBA su a kan katako suke, amma wasa 82 ne a kaka kafin ma a shiga wasannin neman kofi.

Anti Nas, Ƙofar Marusa: Koci, Allah ya ƙara lafiya. A ɗakin gashin ƙashi muna ganin irin wannan kullum. Tsoka iri biyu ce a jiki, akwai mai juriya, akwai mai fizga wadda ke ba da tsalle da zabura. Mai fizgar ita ke fara raguwa da shekaru, ko mutum bai ƙara ko kilo ɗaya ba. Guringuntsin gwiwa kuma ba shi da hanyoyin jini, shi ya sa in ya cinye ba ya komawa yadda yake. Sai dai kada a watsar da maganar Auta baki ɗaya. Duk dirar da mutum ya yi, gwiwa da agara suna ɗaukar ninkin nauyinsa ne, ba nauyinsa kawai ba. Kilo biyar na kitse a ciki ya fi kilo biyar a wurin gwiwa.

Dogo, Daura: Anti, to Giannis fa? Ya zo Milwaukee a 2013 siriri kamar sillen kara, ya ƙara kusan kilo 20, sai ma ya ƙara zama bala'i. Gwarzon shekara a 2019 da 2020, kofi a 2021 da maki 50 a wasan ƙarshe.

Anti Nas, Ƙofar Marusa: Nashi tsoka ce, ƙanena, kuma ya ƙara ta yana ɗan ashirin da 'yan kai. Tsoka tana ɗaukar kanta, kitse kuwa ɗaukarsa ake yi. Amma ko tsokar ce, agara ba ta girma da saurin da ita take girma.

Baban Yara, Layout: Ni abin da ke damuna da maganar Auta shi ne ɗora wa mai rauni laifi, kamar duk wanda jikinsa ya ba shi kunya to ci ne ya yi masa yawa. Derrick Rose ya zama gwarzon shekara a 2011 yana da shekara 22, ba tsufa, ba teɓa. Afrilun 2012 jijiyar gwiwarsa ta tsinke a dira guda, bai sake zama Rose ɗin da aka sani ba. Kobe Bryant kuwa ba a taɓa zarginsa da sakaci da jiki ba. A Afrilun 2013 ya buga minti 48 cur a Portland, bayan kwana biyu agararsa ta tsinke, yana da shekara 34, a kakarsa ta 17. Sai da ya tsaya a kan ƙafar nan ya jefa bugun kyauta biyu kafin ya fita. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Koci, Ƙofar Soro: Ga namu ma na gida, Hakeem Olajuwon ɗan Legas. Kofi biyu da Houston, 1994 da 1995, in watan Ramadan ya zo kuma yana buga wasa da azumi a bakinsa. A kakar 1995 kusan maki 28 yake ci a kowane wasa. A ta ƙarshe, a Toronto, 2002, maki 7. Mutumin bai taɓa ajiye tumbi ba, kuma iya taka ƙafarsa na nan, har manyan 'yan wasa suka riƙa zuwa koyo wurinsa bayan ya daina. Baya da gwiwa ne suka ce sun gaji.

Auta, Ƙofar Ƙaura: Na karɓi ta Rose da ta Hakeem, Koci. Amma ta Zion ban sauka ba. Da ya rage kilo goma tun farko, da ba haka labarin yake ba.

Dogo, Daura: A kan Zion kaɗai ina bayanka.

Koci, Ƙofar Soro: To Auta, ranar Asabar bayan la'asar ka zo fili da alli. Ni da kai da Baban Yara za mu shafa a yatsu, kowa ya yi tsalle goma a jere ba hutawa, yana taɓa allo. Mu auna tazarar shaidar farko da ta goma ta kowa. Anti, a taimaka mana da tef ɗin awo.

Anti Nas, Ƙofar Marusa: Zan kawo in sha Allahu. Amma Koci, kai biyar za ka yi, kuma sai ka ɗaure gwiwar.