Neman shawara: a-kori-kurata ta ƙara shan mai tun da sanyi ya kankama

Baban Ummi, Edmonton

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan motata ƙirar a-kori-kura, wadda na saya ta hannu a watan Yulin da ya wuce a wajen wani ɗan'uwa da muke sallar Juma'a tare, mutumin da ban taɓa jin an zarge shi da ha'inci ba. Uwargida ba ta so cinikin ba tun farko, domin ƙaramar mota ta so, amma na nuna mata cewa aikina na gyaran gidaje yana buƙatar wurin ɗora katako da tsani. Har yau maganar ba ta mutu ba a gidan, musamman da yake da kuɗin da muke tarawa don zuwa gida hutu aka cika kuɗin motar. A lokacin zafi lita 14 take sha a kowace kilomita 100, amma tun da sanyi ya kankama allon motar yana nuna 21. Babu fitilar gargaɗi da ta kama, kuma injin ba ya jijjiga. Abin da ke hana ni barci shi ne ko an sayar mini da mota mai ciwo a inji, ga shi ina jin nauyin tunkarar wanda ya sayar mini da wannan magana.

Injiniya, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, wannan matsala ce da muke gani kullum a gareji idan hunturu ya shigo. Ƙura ce ta toshe filtar iska, kuma a tsofaffin motoci masu kabireta idan inji bai sami isasshiyar iska ba sai ya rama da mai. Ka cire filtar ka ɗaga ta wajen haske, idan haske bai ratsa ta ba ka sauya ta, sannan a wanke nozul a sauya fulogi. Na gyara Hilux da ba ta ƙirguwa a kan wannan, babu wadda ta dawo.

Maman Sadik, Minneapolis

Injiniya, da girmamawa, sanyinsu ba na ƙura ba ne, na dusar ƙanƙara ne. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta bayyana cewa motar fetur tana rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na nisan da take ci da lita ɗaya a cikin gari idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, idan aka kwatanta da ranar da zafi yake digiri 25, kuma a gajeruwar tafiya ta kilomita biyar zuwa shida asarar tana iya kaiwa kashi 24. Edmonton kuwa a watan Janairu takan wuce wannan sanyin nesa ba kusa ba. Baƙin mai da man giya suna yin kauri, inji yana daɗewa bai yi zafi ba, fetur ɗin da ake sayarwa da sanyi ya ɗan fi rauni saboda yawan sinadarin butan da ake ƙara masa, iskar taya kuma tana raguwa yayin da sanyi yake ƙaruwa. Sai dai Baban Ummi, ba ka faɗa mana girman injin ba, ko nisan da kake yi a rana, ko tsawon lokacin da kake barin motar a kunne kafin ka tashi.

Baban Ummi, Edmonton

Na gode, Hajiya. Injin mai silinda takwas ne, lita biyar. Nakan yi kamar kilomita 30 a rana, daga wannan gida zuwa wancan. Ina kunna ta da rimot daga cikin ɗaki na bar ta kwata guda da safe, haka ma idan na tashi aiki, amma wannan ba abin da zan bari ba ne, domin ni nake kai yara makaranta, kuma ba zan saka yarinya 'yar shekara huɗu cikin motar da gilashinta ya daskare ba. Akwai buhunan yashi a baya saboda santsi, kuma tana kan giyar taya huɗu tun watan Nuwamba, kamar yadda maƙwabtana suke yi.

Direba, Jos

Ku dai ku gode wa Allah da litarku lita ce. Mu nan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba mu sake sanin abin da mota take sha ba, saboda wasu gidajen man suna tauye mudu, ka biya kuɗin lita ashirin allura ta nuna maka abin da bai kai ba. Makon jiya sai da na yi cacar baki da wani mai zuba mai a hanyar Bukuru, manajansa ya fito ya goya masa baya. Malam, ka fara sauya gidan mai tukuna.

Abu Hafsat, Winnipeg

Ɗan'uwa, lissafin yana cikin amsar da ka bayar. Hukumar albarkatun ƙasa ta Kanada ta ƙiyasta cewa inji mai lita biyar yana ƙona kusan rabin lita a duk minti goma da ya yi a kunne mota tana tsaye. Rabin awa a rana ya zama lita ɗaya da rabi, idan ka raba a kan kilomita 30 ka sami ƙarin lita biyar a kowace kilomita 100, saura biyu kuma sanyi da yashi da giyar taya huɗu sun isa su cinye su. Ka duba gaban motar kusa da lagireto, mai yiwuwa za ka ga igiyar hitar inji a naɗe, domin yawancin motocin yankinku suna da ita. Ka jona ta da wuta awa biyu kafin fita, sai ka rage zaman jiran. Abu ɗaya da nake so ka lura da shi: bayan tafiyar minti ashirin, ina allurar zafin inji take tsayawa? Idan ba ta kai wurin da ta saba tsayawa a lokacin zafi ba, kuma hitar cikin mota tana busa iska mai ɗumi-ɗumi kawai, to tamostat, wato bawul ɗin da yake tare ruwa har inji ya yi zafi, ya maƙale a buɗe, ruwa yana zagaya lagireto tun inji bai kai wajen digiri 90 ba, kwamfutar motar kuma tana ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tayar da ita.

Injiniya, Kaduna

Tamostat ɗin da muke cirewa mu jefar a duk motar da ta sauka daga Kwatano? Ban taɓa ganin ya sa mota shan mai ba. Masu karatu a intanet daban, masu riƙe sifana daban. Malam, ka yi abin da na ce, idan ba ta daidaita ba ka kira ni da kowane suna. Idan ma tamostat ɗin ne yake damunku, a cire shi a huta.

Abu Hafsat, Winnipeg

Injiniya, a yi haƙuri, wanda ya cire shi a digiri 30 ƙasa da sifili zai tuƙa mota babu hita, gilashi yana daskarewa ta ciki. Ko a Kaduna ma cirewar ba gyara ba ce.

Baban Ummi, Edmonton

Allurar tana ɗan ƙasa da tsakiya, amma ban riƙe inda take tsayawa a lokacin zafi ba, kuma hitar tana aiki daidai gwargwado. Igiyar na gan ta, sai dai a titi nake ajiye motar, mai gidan da muke haya kuma ya hana a ja waya ta tsallaka hanyar masu tafiya a ƙafa. Filtar iska sabuwa ce, wanda ya sayar mini ya nuna mini rasit. Gareji sun ce sai na biya kafin su jona na'urar gwaji, ni kuwa ba na so in kashe kuɗi a ce mini lafiyarta ƙalau, uwargida ta sami abin faɗa. Shin in fara yi wa mutumin magana, ko in jira watan Afrilu in ga ko za ta koma 14?

Injiniya, Kaduna

Rasit ba filta ba ne, Malam. Ka buɗe ka duba da idonka, ka turo mana hoto.