Ina haɗa ƙaramar tirelar ɗaukar mota: a ina zan kafa aksul?

Mai_Gareji:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni bakanike ne, shekarata goma sha ɗaya ina gyaran ƙananan motoci. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne ɗauko motar da ta mutu a hanya, kullum sai dai igiya. Watan jiya ina jan wata Corolla, yarona na riƙe da sitiyarinta, muka zo gangara na ɗan taɓa birki. Injinta a kashe yake, kun kuma san yadda birki ke tauri idan inji ba ya aiki. Ta madubi na hango yaron ya miƙe a kan birkin, idanunsa sun fito, sai ji na yi gam! a bayana. Allah ya tsare babu wanda ya ji rauni, amma fitila biyu da lagireto ni na biya. Tun ranar na ce na bar igiya.

To ga inda na kai. Na yanka ƙarfen canel, wato mai kwari a tsakiya kamar harafin U, mai inci 5, na haɗa firam mai tsawon mita 5, faɗi mita 2 da ɗoriya. Na jera ƙarafan gicciye, tazarar santimita 40 tsakaninsu. Wuyan tirelar, wato ɓangaren gaba da ake haɗawa da motar da za ta ja, na yi shi da canel ɗin nan, biyu sun haɗu a gaba kamar kan kibiya. Na samu aksul biyu, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a bakinsa hagu da dama, kowanne an rubuta yana ɗaukar kilo 1,600, da sifirin ɗinsu.

Inda na tsaya: wani abokina ya ce in kafa aksul ɗin a tsakiya cif, don nauyi ya rabu daidai kada bayan motata ya durƙusa. Maganar ta shige ni, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sannan aksul ɗin ba su da birki. Dole ne sai na sa? Sandar walda 6013 nake da ita, ta isa?

Tsohon_Mai_Walda:

Wa alaikumus salam. Ɗana, gara da ka tambaya kafin ka ƙona sanda, don warware walda ya fi yin ta wahala.

Kada ka sa a tsakiya. Auna daga gaban dandamalin, ban da wuya, ka je kashi 60 cikin 100 na tsawonsa. A naka mai mita 5, mita 3 ke nan. Nan ne tsakiyar aksul biyun zai zauna, wato inda ɗan ƙarfen nan mai lilo yake, wanda ke haɗa sifirin na gaba da na baya. Daga nan ake farawa, amma sikeli ne zai yanke hukunci, shi ya sa nake cewa ka ɗiga walda kawai a kan maratayan sifirin, wato ƙarafan da ke riƙe sifirin a jikin firam, kada ka cike tukuna.

Kafin wannan ma, ka ja tef daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren. In ba su zo ɗaya ba, firam ɗinka a karkace yake. Haka kuma daga tsakiyar mahaɗar wuya zuwa bakin aksul na hagu da na dama, dole awon ya zama ɗaya. In ka bari ya sha bamban, tirelar za ta riƙa tafiya a kaikaice kamar kaguwa, tana cinye taya gefe ɗaya. Ka kuma duba aksul ɗin da kyau, akwai ɗan lanƙwasa a tsakiyarsa. Ba lahani ba ne, haka aka yi shi. Doron ya kalli sama, idan kaya ya hau sai ya miƙe.

Batun sanda, 6013 tana da daɗin aiki kuma tana fito da walda mai kyan gani, amma ba ta shiga ƙarfe mai kauri sosai. Wajen wuya da maratayan sifirin ni 7018 nake sawa. Ka ajiye ta inda danshi ba zai taɓa ta ba, ka goge tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fari kafin ka fara. Kuma wuyan ya shige ƙarƙashin firam ɗin ya yi nisa, ba a manna shi a goshi kawai ba.

Direba_Mai_Ja:

Malam, ka riƙe maganar Baba da hannu biyu. Ni na ga abin da ido na.

Na taɓa aron wata tirela da aka kafa wa aksul a tsakiya. A tsaye abin sha'awa ce, da hannu ɗaya na ɗaga wuyanta da mota a kai, har ina yabon wanda ya haɗa ta. Ashe wannan rashin nauyin shi ne ciwon. Muna tafiya lafiya lau har wata babbar mota ta wuce mu, iskarta ta buge mu. Sai tirelar ta fara kaɗa bindi, hagu, dama, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Sitiyari ya zama kamar ba a hannuna yake ba. Na ɗauke ƙafa daga totur, na riƙe sitiyarin a miƙe, ban taka birki ba, da ƙyar ta lafa. Da na sauka gwiwoyina rawa suke.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukkan nauyin, tirela da kayanta, ya sauka a kan wuya. Durƙusawar da abokinka ke gudu, kaɗan daga cikinta ita ke riƙe ka a hanya. Shi ya sa ake shigar da mota injinta na gaba. Irin su tsohuwar Volkswagen Beetle mai inji a baya, da baya ake hawar da ita.

Birki kuwa ba na shawara ba ne. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da nauyinta da kaya ya haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta. Taka ko babu komai a kai za ta haura haka. Ka nemi na lantarki, wanda ake sa wa na'urar sarrafawa a cikin mota, ko kuma irin wanda ke kama kansa idan tirela ta turo motar daga baya. In ba haka ba, abin da ya faru da yaronka ne zai sake faruwa, sai dai wannan karon tan biyu ne ke turo ka, kuma babu kowa a bayan da zai taka.

Injiniya_Ƙarami:

Ƙari kaɗan, Yaya. Aksul biyu kilo 3,200 ke nan, amma ka cire nauyin tirelar kanta, abin da ya rage shi ne kayanka. Corolla za ta hau lafiya, Land Cruiser kada ka gwada. Ƙwallon ja kuma, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da kofin wuyan tirela ke hawa, akwai mai milimita 50, akwai mai inci 2. A ido ɗaya suke, amma inci 2 milimita 50.8 ne, don haka ƙwallo da kofinsa su zama awo ɗaya. Sarƙoƙi biyu ka gicciya su a ƙarƙashin wuya, ko ya kuɓuce su tallafe shi kada ya caki kwalta. Ka duba lambar nauyin da ke jikin tayoyinka, da wadda ke jikin ƙarfen ja na motarka.

Mai_Gareji:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na dawo da labari.

Baba, na ja tef ɗin kamar yadda ka ce, sai ga bambancin santimita 2 tsakanin kusurwa da kusurwa. Ban taɓa zato ba, don a ido lafiya yake. Na yanke walda a kusurwa biyu, na ja shi da sarƙa da jak har ya zo daidai.

Don in gamsar da kaina da abokina, na fara ɗiga maratayan a tsakiya. Na ɗauko sikelin awon mutum, na ajiye bulo a nesa da shi, na ɗora katako mai kauri a kansu, santimita 90 tsakani. Ƙafar wuyan na saukar da ita santimita 30 daga bulon, ka ga abin da sikeli ya nuna sai a ninka sau uku. Na hawar da Corolla. Sikeli ya nuna 38, wato kilo 114. Lissafina tirela da mota sun kai kilo 2,100, ke nan ko kashi 6 bai cika ba. Abokina na tsaye yana kallo, bai ce komai ba.

Muka sauke, na kankare ɗigon, na mayar da su mita 3. Wannan karon 82, wato kilo 246, kusan kashi 12. Ƙarfen ja na motata an rubuta a jikinsa yana ɗaukar nauyin wuya kilo 300, don haka ina ciki. Jiya na cike waldar da 7018, na yi wa wurin alama da fenti inda tayar gaba za ta riƙa tsayawa.

Aksul ɗin duka biyu za su samu birki, ba za ta taka titi ba sai an sa. Yanzu saura ƙarafan hawa. Na gwada da masu mita ɗaya da rabi, bambar gaban Corolla ta goga. Baba, in ƙara musu tsawo ne, ko in karya bayan dandamalin ya ɗan sunkuya?