Tambaya kan Waliyyiya Josephine Bakhita: yaya ta fita daga bauta?

'Yar Zumunta: Salama gare ku 'yan'uwa. Za a yi wa yara darasi kan Waliyyiya Bakhita kafin ranar bikinta, 8 ga Fabrairu. Wasu na cewa Baturen da ya saye ta ne ya 'yanta ta, wasu na cewa kotu ce. Wanne ne daidai? Kuma me ya sa ake cewa "wajajen 1869" a haihuwarta?

Baba Katikis: 'Yata, kotu ce. An haife ta a Darfur ta ƙasar Sudan, kusa da Nyala, cikin ƙabilar Daju. Tana da shekara bakwai zuwa tara masu farautar bayi suka sace ta, firgicin ya sa har sunanta na yanka ya ɓace mata. Su suka laƙa mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. Wadda ta manta sunanta, ina za a samo ranar haihuwarta? Kintace ne kawai.

A 1883 Callisto Legnani, jami'in ofishin jakadancin Italiya a Khartoum, ya saye ta. Bai dake ta ba, amma bai sake ta ba. A 1885 ya tafi da ita Italiya ta tashar Suakin, ya miƙa ta ga iyalin Michieli, ta zama mai renon 'yarsu. Da uwar gidan za ta yi tafiya Sudan a 1888, sai ta ajiye ta tare da yarinyar wurin Sistocin Canossa a Venice. Da ta dawo ɗaukarsu, Bakhita ta ce ba inda za ta. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke hukunci cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka 'yantacciya ce.

Malamar Sande Sukul: Baba ya gama magana. Zan ƙara maganar tsagar jikinta, don a nan masu ba da labari ke zamewa su ce zanen gado ne. Ba shi ba ne. Tun tana baiwa a Sudan, a gidan wani janar na Turkiyya aka yi mata: a zana da gari, a bi da aska, a cusa gishiri a raunin don tabon ya tashi. Tsaga 114 a ƙirji da ciki da hannun dama. Idan yaran ƙanana ne, a faɗa musu an ji mata ciwo, a tsaya nan.

An yi mata baftisma 9 ga Janairu 1890, ta yi alkawarin zama sista 8 ga Disamba 1896. Daga 1902 tana garin Schio a Italiya, tana girki, tana shirya kayan Misa, tana tsaron ƙofa. Aikin ƙofar nan ne ya sa mutanen gari suka san ta. Ta rasu 8 ga Fabrairu 1947.

Ɗan Seminari: Mama, kada a haɗa ranar ayyana ta Mai Albarka (matakin da ke kafin waliyyanci) da ranar ayyana ta Waliyyiya. An soma binciken rayuwarta a 1959. Fafaroma John Paul na biyu ya ayyana ta Mai Albarka 17 ga Mayu 1992, sai Waliyyiya 1 ga Oktoba 2000, bayan an tabbatar da warkewar wata mata 'yar Brazil mai gyambon ciwon sukari. Tun 2015 kuma Ikilisiya ta mai da ranar bikinta ranar addu'a kan safarar mutane. A ƙare darasin da wannan, a gaya wa yaran su sanar da iyaye duk wanda ya zo musu da alkawarin aiki a ƙasar waje.