Neman shawara: makaɗan Turai na da a darasin tarihin yara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Ingila muke zaune, kuma a gida nake koyar da yarana, babbar shekararta 12, ƙaramin 9. Manhajar da muke bi ta ware lokaci duk mako don sanin makaɗa irin su Bach da Mozart da Beethoven. Da na kunna kiɗan sai hamma, ƙaramin har tambayata yake yaushe mai waƙar zai fara. An ce in haɗa da darasin tarihi, to ta ina ake kamawa? Ko in tsallake kawai?

Tsohon malamin tarihi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki tsallake, amma ki rabu da "an haife shi shekara kaza, ya mutu shekara kaza". Shi ke kashe darasin. Ki ɗauki shekara guda ki zauna a kanta. Ni da 1804 zan fara.

A shekarar Beethoven ya gama simfoninsa na uku (simfoni dogon kiɗa ne na taron makaɗa), da niyyar sa masa sunan Napoliyon, don yana ganin shi ne zai tabbatar da abin da juyin juya halin Faransa na 1789 ya zo da shi. Kwatsam a watan Mayu aka ayyana Napoliyon sarki. Beethoven ya kankare sunan daga shafin farko har takardar ta huje. Hoton shafin yana intanet. Hujin za ki fara nuna musu, ki bar su su yi ta cankar dalili, sannan ki kunna. Bugu biyu masu ƙarfi ne ke buɗe kiɗan. Minti biyar ya ishe su, duka kiɗan ya kusa minti 50.

Daga nan ki tambaye su, me ake ciki a ƙasarmu a 1804? A Fabrairu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Ki manna doguwar takarda a bango, Turai a layin sama, ƙasar Hausa a na ƙasa. Kada dai ki ƙulla musu alaƙar da babu, zamani kawai suka haɗa.

Maman 'yan biyu: Ɗan shekara 9 kam Tchaikovsky ne maganinsa, kiɗan nan nasa mai suna 1812, kan mamayar da Napoliyon ya kai wa Rasha a shekarar, wanda ake harba igwa a ciki. Ki buɗe taswira ya bi sojan Faransa da yatsa har Mosko. Za ku ji taken Faransa yana tasowa, can kuma a danne shi. Nawa har rufe ƙofa suke da ƙarfi in an zo wurin igwar. Sai dai a 1880 aka tsara shi, shekara 68 bayan yaƙin, kada a manna shi a gurbin 1812.

Wani daga Gusau: Ni tambayar yaron ce ta burge ni, ai gaskiyarsa. Mu makaɗin fada da baki yake aiki. Ki sa masa Narambaɗa yana wasa Sarkin Gobir na Isa, sannan ki sa Haydn, makaɗin Austria, wanda shi ma bara ne a gidan sarautar Esterházy na Hungary tun 1761, kusan shekara 30, har tufafin ma'aikatan gidan yake sawa. Ki ce ya faɗa miki me basarake ke samu daga kowannensu, tunda ɗaya yana ambaton suna da asali, ɗaya kuwa yawanci goge da algaitunsu kawai.

Yaya Babba: Ƙanwata, ki san cewa Bach ma'aikacin coci ne a Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kiɗansa da yawa na ibadarsu ne. Kuma kin san malamai sun yi saɓani kan kiɗa. Ku tattauna da maigida ku tsayar da abin da za ku ɗauka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya, za mu zauna insha Allah. Malam, babbar Yaƙin Duniya na Biyu take karantawa yanzu, akwai wanda ya dace?

Tsohon malamin tarihi: Akwai, simfoni na bakwai na Shostakovich, makaɗin Rasha. Sojan Jamus sun yi wa birnin Leningrad na Rasha ƙawanya daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944. A ranar 9 ga Agustan 1942 makaɗan da yunwa ta rage suka kaɗa shi a cikin birnin, aka sa lasifika har abokan gaba suna ji. A kashin farko akwai ɗan ƙaramin ganga da ke maimaita bugu ɗaya, kiɗan yana ta kumbura a kansa. Wurin za ki sa mata. A layin ƙasa kuma ta rubuta 1943, shekarar da aka fara kwasar sojojinmu zuwa yaƙin Bama.