Amana tsakanin manhajoji masu son kai: me kuka ga yana aiki?

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum jama'a. A tsarin da kowa ke shiga ba tantancewa, irin BitTorrent (tsarin da masu amfani ke raba fayiloli kai tsaye tsakaninsu), kowace manhaja ribar mai ita take nema. Yaya kuke auna wadda za a yarda da ita?

Injiniyan_Sadarwa: Wa alaikumus salam. Abin da manhajarka ta auna da kanta ya fi wanda aka ba ta labari. BitTorrent ba-ni-in-ba-ka yake yi: duk daƙiƙa 10 manhaja za ta duba waɗanda suka fi turo mata gutsuren fayil da sauri, ta buɗe wa kamar huɗu ƙofar saukewa daga gare ta, ta toshe sauran. Duk daƙiƙa 30 kuma ta buɗe wa wani ɗaya da ka, don baƙon da bai da komai ya samu abin farawa. To ta wannan ƙofar ake cuta. Manhajar BitThief, da masu bincike a Zurich suka fitar a 2006, haɗuwa take da takwarorin manhajoji masu ɗimbin yawa tana tsintar kyautar nan, har ta sauke fayil ba ta tura komai ba.

Malama_Lissafi: Gaskiya ne, Injiniya. In maki za a ajiye, tsarin Beta, wata hanyar lissafa makin amana, ya fi sauƙi: nasara a ƙara 1, a raba da jimillar mu'amala a ƙara 2. Nasara 8, gazawa 2, maki 0.75 ke nan. Amma a lura, baƙo da 0.5 yake farawa, saboda haka duk wadda makinta ya yi ƙasa da haka sai ta yar da sunanta ta dawo da sabo, fes. A rage makin farawa, a kuma riƙa ninka tsohon tarihi da kamar 0.9 kowane zagaye. Girman mu'amala ma a sa shi a lissafi, in ba haka ba za ta tara suna da ƙananan hidimomi, ta ci amana a babba.

Ɗan_Tsaro: Malama, kin taɓo inda ke ciwo. Muddin sabon suna kyauta ne, mutum ɗaya zai buɗe ɗari suna yabon juna. Shi ne harin Sybil da John Douceur ya bayyana a 2002. EigenTrust, tsarin auna amana na jami'ar Stanford, 2003, yana auna shaida da nauyin mai bayar da ita, amma ya dogara da wasu amintattu da aka zaɓa tun farko. In aka ci ɗaya daga cikinsu, lissafin ya karkata. Kuma don Allah kar a bar manhaja ta faɗi makinta da kanta. Kazaa, wata tsohuwar manhajar raba fayiloli, ta yi haka, sai Kazaa Lite, sigarta da wasu suka sauya, ta riƙa nuna maki mafi girma, 1000, kullum.

Mai_Tambaya: Na gode ƙwarai. Ke nan kuɗin ajiya ko wani aikin lissafi kafin a ba da suna ya zama dole. Wanne ya fi sauƙi ga mai ƙaramar waya?