Kwana huɗu ƙanena yana tsare tun ranar zanga-zanga, ba tuhuma ba kotu: me zan yi?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle.

Ƙanena ɗan shekara 22 ya fita zanga-zangar lumana da abokansa. Can da rana wasu daga bayan taron suka fara jifa, aka harba barkonon tsohuwa, mutane suka watse, sai 'yan sanda suka shiga kamen kan mai uwa da wabi. Duk wanda aka tarar a titin aka jefa shi mota. Har wani mai gyaran waya da ke ƙoƙarin rufe shagonsa aka haɗa da shi.

Ofis uku na je, kowanne a ce min ba su da mai wannan suna. Sai jiya wani da aka sako ya kira ni ya ce ɗaki ɗaya suka kwana, a ɗaya daga cikin ofisoshin da aka ce min ba ya nan. Ya ce an karɓe wayarsa, an kuma kawo musu takarda a rubuce ana so su sa hannu cewa suna cikin waɗanda suka ƙona motoci. Ƙanena bai sa ba tukuna. Yana da asma, maganin shaƙarsa yana gida.

Yau kuma wani mutum ya same ni a bakin ofishin, ya ce ya san na ciki, in na kawo kuɗi zai fito da shi kafin dare. Mahaifiyarmu ta ce in bayar kawai, ita ɗanta take so ta gani. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. In bayar ko in nemi lauya? Kuma wai doka ta yarda a riƙe mutum har kwana huɗu ba a kai shi kotu ba?

Wani dattijo a zauren:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya fito da shi lafiya. Ni dai na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Ki bi maganar mahaifiyarku. Ki je da babban mutum, a yi magana cikin ladabi, a ba da haƙuri, abin da za a bayar a bayar. Da kin kawo lauya za su ɗauka faɗa kike nema, su maƙala masa laifin da zai shekara yana zuwa kotu a kai. Yaro ya fito tukuna, sauran magana daga baya.

Wata lauya:

Baba, ina girmama maganarka, na kuma san tausayi ne ya sa ka faɗe ta. Zuwa da ladabi daidai ne, ni ma haka nake zuwa. Amma a kan kuɗin nan ba zan goyi baya ba, kuma zan faɗi dalili.

'Yar'uwa, fara da tambayarki ta biyu. Ba ki faɗi ƙasar da kike ba, kuma adadin awannin ya bambanta, amma kwana huɗu ba kotu ya wuce ƙa'ida a mafi yawan wurare. A Ingila dokar 1984 ta ba 'yan sanda awa 24, babban jami'i na iya ƙarawa zuwa 36, abin da ya wuce haka sai da izinin kotu, kuma a laifukan yau da kullum iyakarsa awa 96. A Faransa, a laifukan yau da kullum, awa 24 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya. A Amurka Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa wanda aka kama ba da sammaci ba, alƙali ya duba dalilin kamun cikin awa 48. A Najeriya sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace.

Manufar duka ɗaya ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa ta 1966, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, sashe na 9 ya ce a gaya wa mutum dalilin kama shi a lokacin da ake kama shi, a sanar da shi tuhumar da ake masa ba tare da jinkiri ba, a kai shi gaban alƙali da gaggawa. Kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya bayyana a 2014 cewa awa 48 ta isa a kai mutum kotu, abin da ya haura haka sai da dalili na musamman ƙwarai. Ga yara ƙanana ma awa 24 ya ambata.

Abin da ya fi tayar min da hankali a labarinki ba yawan kwanakin ba ne. Cewar da suka yi ba ya wurinsu ne. Mutumin da ba a rubuta sunansa a littafin ofis ba, a idon takarda ba a kama shi ba. Ba wanda zai amsa tambaya in ya ji ciwo, ba wanda zai amsa in an ɗauke shi cikin dare zuwa wani wuri. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1988 kan tsararru suka wajabta a rubuta dalilin kamu, lokacinsa, sunayen jami'an da suka yi shi da ainihin wurin da ake tsare da mutum, a kuma bar shi ya sanar da iyalinsa. Aikinki na farko gobe da safe shi ne ki sa a amsa cewa yana hannunsu. Ki je da lauya. Shi zai nemi ganin shugaban ofishin, ya miƙa takarda mai ɗauke da sunan yaron da ranar kamu, ya sa a buga hatimi a kan kwafinsa.

To yanzu kuɗin. Wanda ya tare ki a bakin ƙofa ba ki san ko wane ne ba. Zai iya karɓa ya ɓace. Zai iya karɓa ya dawo ya ce na sama sun ce a ƙaro, tunda an gane akwai inda ake samu. In ma ya fito da shi, ya fito da shi ta bayan gida: ba takardar beli, ba shaidar an rufe magana, wayarsa tana wurinsu, gobe ana iya sake ɗauko shi. Sannan ke kanki kin ba da cin hanci, wanda laifi ne da za a iya juyawa a kanki. Beli na gaskiya da takarda ake yinsa, da wanda zai tsaya masa, kuma duk kuɗin da doka ta ce a ajiye ana ba da rasiti.

In sun ƙi sakinsa sun kuma ƙi kai shi kotu, lauya ya nemi umarnin kawo tsararre gaban alƙali, abin da muke kira hebiyas kofus da Latinanci. Tsohuwar hanya ce, Ingila ta yi mata doka tun 1679. Kotu ce ke umartar mai tsare da mutum ya kawo shi da jikinsa, ya faɗi hujjar riƙe shi. Sau da yawa da takardar kotu ta isa ofis, sai ka ga an saki mutum ko an gurfanar da shi washegari.

Wani da aka taɓa tsarewa:

Yaya, ni na kwana a irin ɗakin nan, dare shida. Bari in gaya miki abin da ba a gani daga waje.

Takardar nan ita ce komai. Ba da duka kawai ake sa mutum ya sa hannu ba. Gajiya ce. Ba barci, ba wurin miƙe ƙafa, ba ka san ko 'yan gidanku sun san inda kake ba. Sai wani ya zo da murya mai taushi ya ce maka sa hannu kawai ka tafi gida, ai ba komai ba ne. A ɗakinmu mutum uku suka sa. Mu da muka ƙi aka sake mu bayan lauya ya zo. Su ukun aka wuce da su kotu da takardar da suka sa wa hannu, daga can sai gidan yari.

Ki nemi hanyar da saƙo zai kai masa, ko ta bakin wanda ake kai wa abinci a ɗakin. Kalma biyu ta isa: mun san inda kake, kada ka sa hannu sai lauya ya zo. Wallahi ranar da na ji cewa yayana yana waje yana nemana, ranar na samu ƙarfin cewa a'a.

Lauyar ta ƙara da cewa:

Ɗan'uwa ya faɗi gaskiya. Sashe na 14 na yarjejeniyar 1966 ya hana a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa ko ya amsa laifi, kuma yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, sashe na 15, ta ce duk jawabin da aka tabbatar an samo ta hanyar azaba ba a kafa hujja da shi. Amma tabbatar da hakan a kotu aiki ne mai tsawo, yaron kuma yana ciki yana jira. Ƙin sa hannun tun farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ya faɗi sunansa da adireshinsa, sauran ya ce sai lauyansa yana wurin. Haka ma lambar buɗe wayar: dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kada ya yi gardama da kowa, ya ce zai amsa bayan ya ga lauya.

Wani tsohon jami'in tsaro:

Zan yi magana daga ɗaya ɓangaren, ba don in wanke kowa ba. A rana irin wannan ana kwaso mutum ɗari a lokaci guda, jami'in da ya kama daban, wanda ya zuba a mota daban, wanda ke kanta daban. Kafin dare ba wanda zai iya nuna wane ya yi jifa, wane wucewa yake yi. Takardar amsa laifin da ake rabawa cike gurbin shaidar da babu ce. Wannan ba daidai ba ne, kuma na sani tun ina aiki.

Shawarata ƙanwata: kada ki yi hayaniya a kantar ofishin, na wurin ba shi da ikon sakin kowa. Ki rubuta ranar da kika je kowane ofis, ƙarfe nawa, wa ya ce miki ba ya nan, sunansa ko lambar da ke ƙirjinsa. Jami'i yana canza hali da ya ga ana rubutawa, domin ya san in abu ya ɓaci sunansa ne zai fito, ba na wanda ya ba shi umarni ba.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Ana ta maganar doka an bar asmar. Wanda ya shaƙi barkonon tsohuwa sannan aka kulle shi a ɗaki mai cunkoso ba iska, numfashinsa na iya sarƙewa cikin dare ɗaya. Ki ɗauki maganin shaƙar da katin asibitinsa yau ɗin nan, kada ki jira gobe. Lauya ya rubuta cikin takardarsa cewa yaron yana da asma kuma ana neman likita ya duba shi. Haƙƙinsa ne. In ya fito kuma, kafin wanka ku ɗauki hoton duk wani rauni da ke jikinsa, ku wuce asibiti a rubuta rahoto da kwanan wata.

Wani matashi:

Ni fa ban gane ba. An ce a zauna gida, shi ya fita. An ƙona motocin mutane. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Wani malamin makaranta:

Ɗan'uwa, wanda ya ƙona mota a kama shi, a kawo shaida, alƙali ya hukunta shi, ba mai jayayya da wannan. Masu motocin ma an zalunce su. Amma laifi na wanda ya aikata ne. Sashe na 21 na yarjejeniyar da Barista ta ambata ya kare taron lumana, kuma a 2020 kwamitin ya fayyace cewa tarzomar wasu 'yan tsiraru ba a ɗora ta a kan sauran mahalarta, kamun jama'a barkatai kuma haramtacce ne. Ko da yaron ya karya dokar hana fita, sai a tuhume shi da wannan a gaban kotu. Ka tuna mai gyaran wayar da mai neman shawara ta ambata, shi ko zanga-zangar bai je ba. In ana iya ɓoye mutum kwana huɗu saboda an gan shi a titi, kai ma titin kake bi.

Dattijon ya dawo:

Na ji, kuma na karɓa. Maganar rashin sunansa a littafi ban yi tunaninta ba. 'Yata, ki je da lauyan, amma ki haɗa da kawunku ko wani babba mai katin shaida da adireshi tsayayye, domin in an ba da beli za a nemi mai tsaya masa nan take. Ki zaunar da mahaifiyarku ki yi mata bayani a hankali, kada ta ga kamar kuɗin kike ƙyashi.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ba mu da ƙarfin ɗaukar lauya mai zaman kansa, amma na samu ƙungiyar lauyoyi masu taimako kyauta, ashe suna da sunayen mutum da yawa da aka kama rana ɗaya da shi. Da safe muka je da lauyarsu da kawunmu. Da farko an sake cewa ba ya nan, sai ta miƙa takardarta ta ce a buga hatimi a rubuta mata haka. Bayan kusan awa guda aka fito da shi. Ya rame, muryarsa ta dishe, amma bai sa hannu ba. An karɓi maganin an ba shi a gabana.

Ba su sake shi ba. Sun ce gobe za su kai su kotu kan tuhumar taro ba izini, maganar ƙona motoci ba ta cikin takardar. Lauyar ta ce za ta nemi beli a zaman farko, in kuma ba a kai su ba, takardar neman umarnin kotu tana hannunta a shirye. Mutumin nan na bakin ƙofa ya kira ni sau biyar, ban ɗauka ba.

Barista, tambaya ɗaya ta rage: mai gyaran wayar har yanzu yana ciki, kuma da alama danginsa ba su san inda yake ba. Ƙanena ya ba ni sunansa. Zan iya miƙa wa lauyar ko sai ɗan'uwansa na jini?

Lauyar:

Ki miƙa yanzu, kada ki jira safiya. Lauya na iya tambayar inda yake ba sai dangi sun zo ba. Ki tambayi ƙanenki ko akwai wasu sunayen da ya riƙe, musamman in akwai yara 'yan ƙasa da shekara 18 a ɗakin, ki haɗa duka ki tura mata.