Muhawara: Me ya sa Kano ta Tsakiya ba ta maimaita sanata?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ku duba jerin nan. 1999 Ibrahim Kura Mohammed, PDP. 2003 Rufa'i Sani Hanga, ANPP. 2007 Mohammed Adamu Bello, ANPP. 2011 Bashir Garba Lado, PDP. 2015 Kwankwaso, APC. 2019 Malam Shekarau, APC. 2023 Hanga ya dawo a NNPP. Zaɓe bakwai, babu wanda ya zarce. Ni a ganina wannan shaida ce cewa mutanen Kano ta Tsakiya sun fi kowa wayewar siyasa a jihar nan. Ka yi aiki ko mu sauke ka.

Malam Na-Gwale: Wa'alaikumus salam. Jerin daidai ne, ƙanena, amma fassarar ce ban yarda da ita ba. Kafin ka ce mun sauke mutum, sai ka nuna cewa ya tsaya a gabanmu mun ƙi shi. Kwankwaso bai nemi komawa majalisa a 2019 ba. Ya bar APC a 2018, ya nemi tikitin shugaban ƙasa a PDP, Atiku ya samu a Fatakwal. Shekarau kuma rigimarsa da Ganduje ce ta fitar da shi daga APC a 2022. Ina ƙuri'ar talaka a nan? Wanda za ka nuna kai tsaye ka ce akwati ya kayar da shi yana kan kujera shi ne Lado a 2015.

Ɗan Fagge: To ai ka kawo min hujja da bakinka, Malam. Lado yana kan kujera, jam'iyyarsa ce ke mulki a Abuja, amma muka kayar da shi.

Maman Khalifa: Wa ya tsira a PDP a Kano a 2015? Rana ɗaya aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa, 28 ga Maris. A layinmu na mata babu mai tambayar wane ne ɗan takarar sanata. Takarda uku aka ba mu, kowace muka nemi tsintsiya muka dangwala. "Sak" kawai ake cewa. Bello Hayatu Gwarzo ma da ya daɗe a Kano ta Arewa guguwar ta tafi da shi. Kuma ga Kwankwaso, gwamna mai barin gado, a takarar. Ba aikin Lado aka auna ba ranar.

Malam Na-Gwale: Hajiya ta taɓo inda nake son zuwa. Ɗora jerinka kusa da jerin gwamnoni. 1999 gwamna PDP, sanata PDP. 2003 da 2007 Shekarau ANPP, sanata ANPP. 2011 Kwankwaso ya dawo a PDP, sanata PDP. 2015 da 2019 Ganduje APC, sanata APC. 2023 Abba Kabir Yusuf NNPP, sanata NNPP. Ko sau ɗaya ba a saɓa ba. Kujerar tana bin ƙarfin da ya cinye jihar ne, kuma jagoran wannan ƙarfin shi ke zaɓar wanda zai hau.

Baffa daga Gezawa: Malam, ka juya abin. Tun 2011 zaɓen majalisa ne ke zuwa kafin na gwamna. Ƙananan hukumomi 15 ne a mazaɓar nan, ciki har da Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo da Birni. Nan ne ƙuri'ar take. Ba mu muke bin jiha ba, jiha ce ke bin mu. Ka tuna 2011. A ranar 9 ga Afrilu PDP ta ɗauki kujerar sanata, bayan mako ɗaya mutanen nan suka zuba wa Buhari ƙuri'a a CPC, sannan suka dawo suka ba Kwankwaso gwamna. Wanda ya iya raba ƙafa haka ya san abin da yake yi.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma, Baffa.

Maman Khalifa: Na yarda da 2011. Amma Baffa, yi min bayanin 2023. Shekarau ya shiga NNPP a watan Mayun 2022, ya fice zuwa PDP a watan Agusta, jam'iyya ta ce Hanga ne ɗan takararta, INEC ta ƙi sauya sunan. Aka yi zaɓe 25 ga Fabrairu, aka sanar da Shekarau a matsayin wanda ya ci, alhali mutumin yana yi wa Atiku yaƙin neman zaɓe. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce Hanga ne. To wa muka zaɓa ranar? Ko hukumar zaɓe da jam'iyya ba su daidaita a kan suna ba. Kwandon kayan marmari, alamar NNPP, muka zaɓa saboda jar hular Kwankwasiyya.

Baffa daga Gezawa: Wanda ya dangwala kwando ya san tafiyar da yake goyon baya. Wannan ma zaɓi ne. Tun zamanin NEPU da PRP mutanen Kano tafiya suke bi. Sabo Bakin Zuwo a inuwar Malam Aminu Kano ya je majalisar dattawa a 1979. Laifin takardar ƙuri'a ne da babu sunan kowa a kai, sai alamar jam'iyya.

Malam Na-Gwale: Ban ce ba zaɓi ba ne, Baffa. Cewa na yi ba hisabi ba ne. Kuma muna biyan kuɗinsa. A majalisar dattawa daɗewa ce ke ba da muƙami. Kabiru Gaya ya riƙe Kano ta Kudu daga 2007 zuwa 2023, har ya shugabanci kwamitin INEC. Barau Jibrin yana nan tun 2015, a zangonsa na uku ya zama mataimakin shugaban majalisa. Namu kuwa kafin ya gane hanyar kwamitoci an canza shi. Sau biyu a jere kujerar ta zama wurin sauka ga tsofaffin gwamnoni.

Ɗan Fagge: Amma ai Gaya ɗin ma Kawu Sumaila ya kayar da shi a 2023. Shekara goma sha shida, mutanensa suka ce ya isa. Ni na fi son sanata mai tsoron ƙuri'ata a kan mai muƙami.

Maman Khalifa: Nima haka nake so. Matsalar ita ce namu ba ƙuri'arka yake tsoro ba, ranar fid da gwani yake tsoro, da wanda ke riƙe da daliget. Ɗan Fagge, gaya mana tsakani da Allah, ƙudiri ɗaya da wani daga cikin mutum shidan nan ya kai majalisa wanda ka duba kafin ka je rumfar zaɓe.